Muzurai biyu ƴan ciki ɗaya sun koma ba sa ga maciji

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ina zaune a unguwar Ali Ɗan Sofo, nan cikin Maradi. Ina da muzurai biyu, ja da fari, ciki ɗaya aka haife su a gidana, yanzu sun kusa shekara biyu. Kwano ɗaya suke ci, tabarma ɗaya suke kwana, har lasar juna suke yi. Kwana goma da suka wuce muka ji ihu a tsakar gida cikin dare, to tun daga ranar jan ba ya son buɗe ido ya ga farin. Da mu lafiya lau yake, yana ci yana sha, amma da ya hango ɗan'uwansa sai ya bi shi a guje. Farin ya koma ɓuya bayan randa, yana ɗingishi, har fitsari ya fara yi mini a ɗaki. Shekaranjiya yarona ya shiga rabo, jan ya cije shi a hannu. Maƙwabciyata ta ce in bar su su daku har ɗaya ya sallama, uwar mijina kuma ta ce a sa jan a buhu a kai shi ƙetaren Gulbi a yar. Ni ko duka ina son su. Me ya shiga tsakaninsu? Kuma in ba farin parasitamol saboda ƙafar?

Amsa: Hajiya, barka kadai. Bari mu ajiye muzuran tukuna mu fara da hannun yaro, don shi ya fi gaggawa.

Cizon kyanwa abin rainawa ne a ido: ƴan huji biyu ko huɗu, jini kaɗan, kashegari bakin ciwon ya rufe. Wannan rufewar ce ke cutarwa. Haƙoran kyanwa sirara ne masu tsini kamar allura, suna tura dattin bakinta can ciki kusa da jijiya da gaɓar yatsa, sannan fata ta haɗe a kai. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Pasteurella da ke zaune a bakin mafi yawan kyanwoyi, har da masu lafiya, ita ke sa hannu ya kumbura ya yi ja ya ɗau zafi. Ki kai shi asibiti yau, ko da kin ga kamar ya warke. Ki gaya musu kyanwa ce ta cije shi, ki faɗi ranar, su duba maganar allurar tetanos da ta haukan kare, su kuma ga ko yana buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta. Allah ya kiyaye na gaba, amma duk ranar da aka sake cizon wani ko aka yakushe shi, ruwa da sabulu ne farko, a yi ta wankewa ruwa na zuba har minti 15. Kada a sa toka, kada a sa man birki.

Sunan haukan kare yana yaudarar mutane, suna zaton kare kaɗai ke ɗauke da shi. Kyanwa ma tana kamuwa, tana kuma yaɗawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Shi ya sa duk dabbar da aka ce mini halinta ya juye dare ɗaya, wannan nake fara tunani. A bayaninki akwai abin da ya ɗan kwantar mini da hankali: jan yana ci, yana sha, yana lafiya da mutanen gida, ɗan'uwansa kaɗai ya sa a gaba, kuma an kwana goma a haka. Dabbar da haukan ya bayyana a jikinta ba kasafai take kai kwana goma da rai ba. Za a ga dalala, murya ta sauya, tana cizon duk abin da ta samu, daga baya ƙafafun baya su mutu. Duk da haka a tsare jan a ƙarƙashin ido har kwana 10 daga ranar da ya ciji yaron. In ya cika su garau, to lokacin da ya yi cizon babu cutar a yawunsa. Kin ga ke nan buhun da Hajiya babba ta ambata bai taso ba yanzu: in aka yar da shi, babu wanda zai san abin da ya same shi, kuma lafiyar jikanta ce ke rataye da sanin.

Parasitamol kuma a'a, ko rabin ƙwaya. Hantar kyanwa ba ta da abin narkar da shi yadda hantarmu ke yi. Ƙwaya ɗaya ta babban mutum tana iya kashe ta: jini ya koma ruwan ƙasa ya kasa ɗaukar iska, dasashi ya dushe, fuska da tafukan ƙafa su kumbura. Ibuprofen da diclofenac su ma ƙoda da ciki suke lalata mata. Duk maganin ciwon jiki da ke cikin kwabarki, ki ɗauka guba ne ga waɗannan bayin Allah.

Ɗingishin nan ina kyautata zaton cizo ne ya tara ruwa. Haka raunin faɗan kyanwoyi yake: gashi ya rufe hujin, bayan ƴan kwanaki wurin ya kumbura ya yi zafi kamar maruru, dabbar ta yi zazzaɓi ta daina cin abinci. Magani shi ne likitan dabbobi ya tsaga, ya fitar da mugunyar, ya wanke, ya ba da maganin da ya dace da nauyinsa. Fitsarin da yake miki a ɗaki kuma kada ki doke shi a kai, tsoro ne ya hana shi fita inda ya saba yi. Sai dai ki sa ido a kan abu ɗaya. In kin ga yana yawan tsugunawa yana yunƙuri yana kuka, fitsarin na fitowa ɗigo-ɗigo, ko da jini, ko ba ya fitowa sam, wannan ba a kwana da shi. Hanyar fitsarin namiji siririya ce, tashin hankali na iya sa mafitsara ta kumbura hanyar ta toshe, kuma muzurun da ya toshe yana iya mutuwa cikin kwana biyu zuwa uku. Haka in ya ƙi abinci gaba ɗaya har kwana biyu, a kai shi.

To yanzu, me ya shiga tsakaninsu? Ruwa ba ya tsami banza. Amma don ki gane, sai kin fara sanin irin dabbar da kike kiwo. Kare da akuya da tunkiya dabbobin garke ne, a cikin taro aka halicce su, suna da hanyar nuna "na bi ka" da hanyar sasantawa bayan rikici. Kyanwa daban take. Asalinta kyanwar daji ce ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, irin wadda har yau akwai ta a dazukanmu, mai farauta ita kaɗai, mai kwana ita kaɗai. Kusan shekara 10,000 da suka wuce, da mutane suka fara noma suna tara hatsi, ɓera ya zo rumbu, ita kuma ta biyo ɓera. Ta koyi zama da mu, ta koyi zama da ƴan'uwanta in abinci ya wadata, amma ba ta koyi ban haƙuri ba. In abu ya ɓaci tsakaninta da wata, dabararta guda ce: kowa ya kama gabansa. A daji akwai fili. A gida mai katanga huɗu da ƙofa ɗaya, ina za a je?

Sannan zumuncinsu a hanci yake. Mu da fuska da murya muke gane ɗan'uwa, su da wari. A kumatunsu da haɓa da goshi da gindin wutsiya akwai wuraren da ke fitar da wani maiƙo da hancinmu ba ya ji. Gogar jiki da lasar juna da kwana wuri ɗaya da kika ambata, duk cuɗa wannan warin suke yi har ya zama warin gida ɗaya. Wanda ke ɗauke da shi na gida ne, wanda ba ya ɗauke da shi baƙo ne, ko da ciki ɗaya suka fito. In kin taɓa ganin muzuru ya shinshini bango ya ɗaga kai ya bar baki a buɗe kamar wanda aka ba labarin mamaki, karatun wari yake yi da wata ƴar kafa da ke gandarsa. Bunsuru ma haka yake yi in ya shinshini fitsarin akuya.

Abin da na fi zargi a gidanki shi ne baƙon muzuru. Ihu cikin dare, a tsakar gida, daga nan komai ya juye: wannan labari na sha jin sa. Wani ƙaton muzurun unguwa ya hau katanga, ko ya diro yana neman ragowar tuwo, ko wata kyanwa a maƙwabta ta shiga lokacin barbara tana kuka, mazan unguwa suka yi ta sintiri. Jan ya gan shi, jikinsa ya ɗau zafi, gashi ya tashi, ya shirya faɗa ko gudu. Baƙon ya tsallake ya tafi, ko yana can sama inda ba a iya kai masa. A daidai wannan lokacin farin ya taho daga baya, ko ya motsa kusa da shi. Haushin kaza, huce kan dami. Kyanwar da ta kai wannan matakin ba ta tantance wa ke gabanta, duk abin da ya motsa shi za ta far wa, kuma zafin ba ya sauka da wuri. Yana iya ɗaukar awoyi, wani lokaci har kwana ɗaya ko biyu. Ba sai muzuru ba ma. Tsawa mai ƙarfi a farkon damina, kwanuka su zubo daga kan kanta, kare ya leƙo zaure, duk suna iya jawo irin wannan. Cizon da yaronki ya sha ma daga wannan ƙofar ya fito, don hannunsa ne abin da ya motsa.

Za ki ce to dare ɗaya ne, me ya hana su manta? Abin da ya biyo baya ne ke riƙe da wutar. Farin ya ji jiki, ya koyi cewa ɗan'uwansa abin tsoro ne. Da safe da ya gan shi sai ya maƙe, ya kwantar da kunne, ya zura a guje. A wurin kyanwa kuwa duk abin da ya gudu abin bi ne. Jan ya bi shi, farin ya ƙara tsorata, gobe ya ƙara saurin gudu. Ga shi sun daina kwana tare, sun daina lasar juna, warin gidan da ya haɗa su yana gushewa kullum. Ga rauni ya tara ruwa, warin jikin farin ya sauya. Bayan kwana goma, a hancin jan wannan wani ne daban yake ɓuya bayan randarku.

Akwai kuma shekaru. Muzuru yana iya barbara tun bai cika shekara ba, amma cikar hali da son mallakar wuri sai tsakanin shekara biyu zuwa huɗu suke zuwa. Naki sun iso bakin wannan ƙofar, kuma ba ki ce an fiɗiye su ba. Duba ki gani: kumatu sun fara faɗi, wuya ya yi kauri, fitsari ya yi ƙarfin wari, suna juya baya ga bango su ɗaga wutsiya tana rawa su fesa. In haka ne, ko baƙon bai zo ba da wuya su ƙare shekarar nan ba su gwada ƙarfi ba. Ina ma tsammanin abin ya ɗan jima yana tsiro a ɓoye. Rikicin kyanwoyi yakan fara shiru: ɗaya ya kwanta a bakin ƙofa ya tare hanya, ya kafe ɗaya da ido har ya tashi daga inuwa, ya riga shi zuwa kwano. Mai gida ba ya lura, sai ranar da aka yi ihu ya ce abin farat ɗaya ne.

Wani lokacin kuma ciwo ne ke gaba, faɗa na baya. Dabbar da haƙori ke damu, ko kunne, ko gaɓa, in ɗan'uwanta ya zo wasa ya taɓa wurin sai ta kai masa hari. Don haka jan ma a duba shi, kada a tsaya kan mai ɗingishi. Sauyin wari shi kaɗai ma ya isa. Na taɓa zuwa wani gida a Bagalam, kyanwa uwa da ɗiyarta, shekara uku suna tare. Ɗiyar ta faɗa kwata, yara suka yi mata wanka da sabulu mai ƙamshi, har da ɗan turare don tausayi. Tana bushewa uwar ta far mata kamar ba ita ta haife ta ba. Masu kiwon kyanwoyi mata kuma su ƙara da wannan: mai ciki ko mai jego tana iya korar wadda suke kwana tare jiya, musamman in namiji ne ya matso kusa da ƴaƴan. Cikin kyanwa kwana 63 zuwa 65 ne, sau da yawa halin ke fara sauyawa kafin a lura da cikin.

Shawarar maƙwabciyarki daga kiwon kaji da raguna ta ɗauko ta, kuma a can tana da ƙamshin gaskiya: zakaru biyu su kara, ɗaya ya sunkuyar da kai, a zauna lafiya. Kyanwoyi ba su da wannan tsarin. Kowane faɗa ƙarin tsoro ne ga wanda aka kayar da ƙarin sabo ga mai kayarwa. Ƙarshenta ko farin ya bar miki gidan, ko ya rasa ido, ko ciwo ya kwantar da shi. Ta hanyar cizo ne kuma wata cuta mai karya garkuwar jikin kyanwa ke yaɗuwa tsakanin muzurai. An gano ta a Kalifoniya ta Amurka a 1986. Ba ta kama mutum, amma kyanwar da ta ɗauka ta ɗauka ke nan har mutuwa.

Abin yi daga daren yau shi ne a raba su, rabuwar da ko ido ba za su haɗa ba. In suka sarƙe kafin a kai ga haka, kada kowa ya sa hannu ko ƙafa. A zura kwali ko naɗaɗɗiyar tabarma tsakaninsu, ko a jefa bargo kan ɗaya, ko a watsa ɗan ruwa. Da sun rabu a kora ɗaya ɗaki da tabarmar a rufe, a ƙyale shi awoyi ba mai shiga. Duka da tsawa ba sa koya wa kyanwa komai sai tsoron mai dukan, kuma sau da yawa a kan ɗan'uwan za ta sake hucewa.

Ɗakin da za a ware ya kasance da kwanon abinci, da ruwa, da roba mai faɗi cike da yashi can nesa da abincin, da kwali da zai shiga ya ɓuya. Iska ta riƙa shiga. Kin san zafin garin nan, a watan Afrilu da Mayu yana haura digiri 40, ɗaki mai rufin kwano a rufe tanda ne. Jan za a fara sawa, tunda dama ana tsaron sa na kwana goma, farin kuma ya samu ya miƙe ƙafa a tsakar gida ya dawo hayyacinsa. Bayan nan a riƙa musanya: wannan ya wuni a ciki, wancan a waje, gobe a juya, ba tare da sun haɗu a hanya ba. Na san abin da zai zo miki a rai, don mata da yawa sun faɗa mini: hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle. Ki tuna laifinta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Ke kuwa ciyarwa za ki yi, da shayarwa, da jinya.

Daga nan sai aikin hanci. Ki samu tsumma biyu masu tsabta, waɗanda babu turare ko warin sabulu a jikinsu. Ki shafi kumatun jan da haɓarsa da ɗaya, ki ajiye kusa da inda farin ke cin abinci. Ki yi wa farin haka ki kai wa jan. Kada ki tura musu a hanci, ajiyewa kawai za ki yi. Ranar farko wataƙila ki ji huci, ko ya kauce wa tsumman. Ki ci gaba safe da yamma. Ranar da kika ga ya shinshina ya wuce abinsa, ko ma ya kwanta a kai, an ci rabin tafiya. Buhu ko zanen da kowanne ke kwana a kai ma a riƙa musanya musu.

Sai abinci a bakin ƙofa, tana rufe: kwano ɗaya ciki, ɗaya waje, kowanne da ɗan nisa daga ƙofar, a lokaci guda. A nan za ki fito da abin da suka fi so, ɗan kifi ko hanta ko tsokar nama, kuma kada su same shi a wani lokaci sai wannan. Ana so ne kowanne ya riƙa jin warin ɗan'uwansa a daidai lokacin da bakinsa ke cikin daɗi. Kullum a matso da kwanukan kaɗan. In ɗaya ya ƙi ci, an matso da yawa, a ja baya. Idan sun kwana uku ko huɗu suna ci dab da ƙofa ba gurnani, a buɗe ta faɗin yatsa biyu a tokare da dutse ta yadda ba za ta ƙara buɗuwa ba, ko a kafa ragar waya. Su ga juna suna ci, a rufe tun ba a ɓata ba.

Haɗuwar farko a fili ta zama gajera, minti biyu ko uku, kina tsaye da kwalinki, yara suna ɗaki. Ki karanci jikinsu. Kunne a tsaye, wutsiya a sama, lumshe ido, ko ɗaya ya juya baya ya hau lasar jikinsa, duk alheri ne. Kafe ido ba ƙiftawa, kunne ya kwanta, ƙwayar ido ta buɗe ta yi baƙi, bakin wutsiya na bugun ƙasa, to a raba kafin a kai ga ihu, a koma matakin baya na kwana biyu. In daga baya kika ga suna kokawa, ga yadda za ki bambanta: wasa shiru ake yin sa, farce a ciki, yanzu wannan ne a sama an jima wancan, in an gama kowa na nan kusa. Faɗa da kururuwa yake zuwa, gashi na tashi, kuma kullum ɗaya ne ke gudu. Wasu mako ɗaya ya ishe su, wasu sai wata biyu ko fiye. Inda mutane suka fi faɗuwa shi ne kwana na huɗu ko na biyar, in sun ga shiru sai su ce ai sun huce, su buɗe ƙofa, aiki ya koma farko.

Ko sun shirya, kwano ɗaya ya ƙare. Mu ne muke ganin cin abinci tare alamar zumunci. Kyanwa a ɗabi'arta ɓera ɗaya take kamawa ta ci ita kaɗai, sau da yawa a wuni. Kowa da kwanonsa, a kusurwa daban, inda mai ci ba ya hangen ɗan'uwansa. Ruwa a wuri biyu ko uku. Wurin ba-haya ma haka, ƙa'idar da muke bi ita ce yawan kyanwoyi a ƙara ɗaya, wato uku ke nan a gidanki, a warwatse. A samar musu wurin hawa, kan rumfa ko kan tsohon tebur, don kyanwar da ke sama hankalinta ya fi kwanciya. Lungun bayan randar nan kuma a buɗe masa mafita ta biyu, kada a sake ritsa shi a ciki.

Baƙon na kan katanga shi ma sai an yi maganin sa, in ba haka ba ranar da ya dawo za a maimaita. Kada a bar ragowar abinci ko kwanukan da ba a wanke ba a tsakar gida da dare. A bi bango da ƙofar zaure da hanci, inda aka ji warin fitsarinsa a wanke da ruwa da garin sabulu. Naki kuma su riƙa kwana ciki daga magariba zuwa safiya, kowa a ɗakinsa. Kada a sa guba don baƙon. Naki ne za su riga shi ci, ko kaji, ko yaro.

Fiɗiya ita ce babbar shawarata, kuma su biyun duka. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1973 ya nuna kusan tara cikin kowane muzuru goma sun rage faɗa bayan an fiɗiye su, wasu nan da nan, wasu a hankali. Yawon dare da fesa fitsari ma suna raguwa. Ba ta goge tsoron da ya riga ya shiga, shi ya sa ba ta maye gurbin aikin tsumma da ƙofa, amma tana janye itacen da ke ƙarƙashin tukunyar. A ba ta makonni kafin a ga cikakken amfaninta. Masu cewa fiɗiyayyen muzuru ba ya kama ɓera ba su gwada ba. Farauta daban, neman mata daban, hasali ma ya fi zama gida inda ɓeran yake. Sai dai a kiyaye: muzuru ba bunsuru ba ne. Ba a dandaƙe shi, ba a ɗaure masa roba, ba a kai wa mai aska. Ƙaramar tiyata ce da ake yi da allurar barci. Mu nan Maradi aikinmu ya fi yawa kan jar akuya da tumaki da shanu, don haka in kin je ofishin likitocin dabbobi na ma'aikatar kiwo ko wurin mai zaman kansa, ki tambaya kai tsaye wa ya saba yi wa kyanwa. A jira jan ya cika kwanakinsa goma, farin kuma ƙafarsa ta warke. A yi musu rigakafin haukan kare a tafiyar, tunda tun suna wata uku ya kamata a fara. A kai su a kwando ko kwali mai huji, kowa da nasa, in an dawo kuma kowa ɗakinsa, don warin magani da suka kwaso zai iya tayar da sabon rikici.

Ba zan ɓoye miki ba, akwai waɗanda ba sa komawa tabarma ɗaya. Wasu iyakar abin da ake samu shi ne su raba gidan, wannan ya riƙe zaure da kan katanga, wancan ya riƙe ɗaki da madafa, su wuce juna ba kallo. In kowa na ci, yana barci, babu jini, ki karɓa. In kuwa an yi fiɗiya, an bi matakan nan wata biyu zuwa uku, har yanzu farin na rayuwa a ɓoye, to a nan maganar Hajiya babba ta raba su ta yi daidai, hanyar ce kawai za a gyara. Kyanwar gida da aka yar a bakin Gulbi ko yunwa da karnuka su gama da ita, ko ki wayi gari bayan mako ki gan ta a ƙofa ta rame. Ki nemi ɗan'uwa mai rumbu a Tibiri ko Madarunfa, ko mai shagon hatsi da ɓera ya dama, wanda kika san zai ciyar. Jan za a bayar, shi ya fi ƙarfin zuciyar sabon wuri. A haɗa shi da kwanonsa da zanen da yake kwana a kai, a kuma gaya musu su tsare shi a ɗaki mako biyu suna ba shi abinci kafin su sake shi, in ba haka ba hanyar Maradi zai kamo.